Akwatin Gabas a Ɗakin Yamma

Ranar Talata da hantsi ruwa ya ci Usaini a cikin kwalbatin reshen yamma, kafin a kira azahar kuwa mutanen Rafin Marke sun gama yanke wa Ibrahimu mai get hukunci. Ba a zauna ba, ba a tambaye shi ba. Haka muke a ƙauyen nan, in abu ya yi mana zafi sai mu duba wanda danginsa suka fi ƙaranci a cikinmu mu ɗora masa.

Ga yadda abin ya faru. Kanal ɗin da ke shayar da gonakin Rafin Marke, can tsakanin Kura da Bunkure, yana rabuwa biyu a gindin wata tsohuwar tsamiya. Reshe ɗaya ya yi gabas, ɗaya ya yi yamma, kowanne da get ɗinsa na ƙarfe. Duk ƙarshen damina, kafin a shiga noman rani, kowane reshe yakan sa ranarsa ya yi gayya a yashe laka da kacalar da suka toshe shi. A yamma akwai inda kanal ya nutse ƙarƙashin titi ta cikin wani dogon kwalbati wanda sai da rarrafe ake shigarsa. Usaini ne ke shiga duk shekara, saboda ba shi da jiki. Yana can tsakiya da shebur da kwando aka ɗaga get ɗin yamma. Waɗanda ke waje suka ji gurnanin ruwan suka haye gaɓa da gudu, suna ƙwala masa kira. Sai bayan la'asar aka zaro shi ta ɗaya bakin.

Ibrahimu ne ya ɗaga get ɗin, wannan kam bai taɓa musu ba. Bafulatani ne, rugarsu ta shekara arba'in a bayan kanal, a filin da tsohon mai unguwa ya ba mahaifinsa aro. An ba shi aikin get ne don ba shi da gona a gabas ko a yamma, ba zai fifita kowa ba. Yanzu kuwa aka tuna cewa shanunsa a ƙarshen reshen yamma suke shan ruwa, aka ce don su ya buɗe. Hasan, abokin tagwaicin mamacin, ya shiga ɗakin get ya tumɓuke kwamfutar da ke kan tebur ya wurga ta kanal. Dangin Usaini suka ce ba sa son 'yan sanda, ba sa son shari'a. Abu ɗaya suke so, bayan addu'ar uku Ibrahimu ya tashi daga ƙasar da shi da iyalinsa da shanunsa.

Lukmanu yana shagonsa a Kano aka kira shi. Mahaifinsa Malam Datti ne ke riƙe da sito da makullan ƙungiyar manoman rani. Ya yi karatun kwamfuta, kuma shi ya haɗa abin da Ibrahimu ke dubawa kafin ya taɓa get.

Da can da waya ake yi. Wakilin reshe ya kira mai get ya ce a sako ruwa ko a tsayar. To mu da wayo. Sai wani ya toshe hanci ya ari muryar wakili, ya kira daga sabon layi ya ce a buɗe wa gabas. Kafin a farga albasarsa ta sha ta ƙoshi, ta mutanen yamma ta kwanta. Da aka koma aika saƙo ta intanet da lambar sirri, ba a yi mako biyu ba lambar ta zaga teburin mai shayi. Sau biyu ana zare adda a bakin kanal saboda wannan.

Shi ne Lukmanu ya zo da wasu baƙaƙen akwatuna uku, kowanne bai fi tafin hannu biyu ba, masu ƙahonni. Rauta ake ce musu, amma a Rafin Marke ba wanda ya wahalar da bakinsa, akwati ake cewa. Ya kafa ɗaya a ɗakin get, ɗaya a ɗan ɗakin wakilin gabas, ɗaya a na yamma, kowanne da 'yar kwamfuta da sola. A taron ƙungiya ya tsaya da sabuwar shaddarsa yana bayani.

"Kun ga yadda kanal ya bi ta ƙarƙashin titi? Motoci suna wucewa a sama, ba mai iya tsoma bokiti. To haka na haƙa wa ɗakunan nan bututu ta cikin intanet, VPN ake ce masa. Kwamfutar gabas da ta yamma za su zama kamar a ɗaki ɗaya suke da ta get. Abin da ya shiga ta wannan baki a kulle yake har ya fita ta wancan."

Alhaji Yusuf, shugaban ƙungiya, ya ce, "In wani ya shiga ɗakin gabas ya rubuta cewa shi yamma ne fa?"

"Ba inda ake rubuta suna, Alhaji. Maɓalli biyu ne kawai, kore a sako ruwa, ja akwai mutane a ciki. Kowane akwati da mabuɗin sirrinsa a cikinsa. In saƙo ya fito ta bututun gabas, get ya san gabas ce, ba sai an faɗa masa ba."

A ɗakin get allon yana nuna sunaye biyu, Gabas da Yamma, da boko da ajami, kowanne ko dai kore ko ja. Aka kafa doka cewa Ibrahimu kada ya saurari waya ko ɗan aike, ko da Alhaji ne da kansa, allo kawai zai duba. Rani biyu ana haka ba a zare adda ba. Aka fara kiran Lukmanu Injiniya, shi kuwa kansa ya ɗan kumbura, ba laifi, wa zai ƙi.

Ya iso garin ana dawowa daga maƙabarta. Ya yi ta'aziyya, ya zauna a tabarma cikin mutane, yana jin yadda ake maimaita magana ɗaya. Wakilin yamma ya rantse ja ya danna tun da sassafe. Wakilin gabas ya rantse kore ya danna, ya zauna yana jiran ruwan da bai zo ba. Ibrahimu kuwa ya ce shi Yamma ya gani kore, Gabas ja. Mutum biyu 'yan gari a kan mutum ɗaya na ruga, ai lissafin bai yi wa kowa wuya ba. Lukmanu ma a ransa ya ɗauka tsohon ne ido ya yaudare shi. Kwana biyu kafin gayyar ya duba ta wayarsa daga Kano, ya ga bututu biyun duk sun tashi lafiya, shi ya sa bai ɓata kuɗin mota ya zo ba. Kwamfutar da ke ajiye tarihin saƙonni kuwa tana ƙarƙashin ruwa.

Washegari Laraba Alhaji Yusuf ya ce ya zaga ya duba kayan, tun da dashen tumatir ba ya jiran makoki, dole ruwa ya ci gaba da tafiya. Lukmanu ya karɓi makulli a hannun mahaifinsa ya hau babur ya nufi ɗakin yamma. Daga ƙofar ɗakin ana hango bakin kwalbatin, har yanzu ga sawun mutane a lakar. Ya kau da kai ya shiga, ya jona kwamfutarsa ta hannu da akwatin don ya ga lafiyarsa.

Sunan da ya fito a saman allon shi ne Gabas.

Ya cire waya ya sake jonawa. Gabas. Ya duba lambobin adireshin da shi da kansa ya raba wa ɗakunan, na gabas ne. Ya duba mabuɗin, na gabas ne. Ya ɗauki hoton allon da wayarsa, ya zauna a kan buhun takin da ke gefe. Bai ma buƙaci zuwa ɗakin gabas ba, amma ya je, ya tarar da akwatin yamma zaune a kan kanta yana ƙyafta koriyar fitilarsa. Ashe wakilan biyu gaskiya suka faɗa, Ibrahimu ma gaskiya ya faɗa. Ja ɗin yamma ya shiga bututun gabas ya fito da sunan gabas, koren gabas ya fito da sunan yamma. Ba wanda ya leƙa saƙon a hanya, ba wanda ya taɓa shi, ya isa a kulle kamar yadda Lukmanu ya yi alkawari.

Ya juya akwatin sama da ƙasa yana neman inda ya rubuta sunan ɗaki. Babu. Bai taɓa rubutawa ba, don a ganinsa ba mai taɓa su sai shi. Tsoro ya kama shi.

Ya sami mahaifinsa a zaure yana ɗinke bakin wata mesa da zaren roba. Malam Datti mutum ne da ko ƙusa ta faɗi a sito sai ya tsince ta ya goge. Shekara ashirin da ɗaya yana riƙe da kayan ƙungiya, ba a taɓa neman tiyo an rasa ba.

"Baba, akwatunan nan na ɗakunan wakilai, an taɓa cire su?"

"Ni na cire su," in ji Malam Datti, bai ɗago ba. "Bana rufin ɗakin yamma ya yi yoyo, ka san kuma ɓarayin sola sun addabi mutanen Garun Malam. Da damina ta kankama na kwashe su, na naɗe kowanne a tsumma, na sa a buhu ɗaya na rataye a sito. Ranar Asabar na mai da su. Na sa wa wayoyin alama da zare don kada in rikita ramukan. Wani abu ya lalace?"

"Da za ka mayar, ta yaya ka gane na gabas da na yamma?"

Nan tsohon ya ɗago. "Na gabas da na yamma kamar yaya? Ba iri ɗaya ba ne?"

Kowa a ƙasar nan haka zai tambaya. Injinan ban ruwan ƙungiya goma sha huɗu ne, duk kamfani ɗaya. Da damina a tara su a sito, da rani kowa ya ɗauki wanda hannunsa ya kai. In na wani ya tsaya a ciro fulogin na maƙwabci a sa masa. Mu a wurinmu in ƙarfe biyu suka yi kama, to ɗaya ne, wanda ya ce sai nasa na bara ma dariya za a yi masa.

Lukmanu ya durƙusa ya yi masa bayani a hankali. Ya ce kamannin na waje ne, a ciki kowanne da sunansa. Ya ce get ba ya ganin inda akwati yake zaune, mabuɗin da ke cikinsa kawai ya sani. Malam Datti yana saurare, zaren robar na naɗe a yatsansa har yatsan ya yi fari.

"Wato Ibrahimu abin da ya gani ya bi."

"Abin da ya gani ya bi, Baba."

"Wato ni ne."

"Ni ne. Ni ya kamata in rubuta a jikinsu, ni ya kamata in zo in gwada kafin a saki ruwa. Kai adana su ka yi."

Malam Datti ya kwance zaren daga yatsansa. Can ya ce, "Ka ga abin da Hasan ya yi wa kwamfutar nan?"

"Na ji."

"Ƙarfe ke nan. Kai kana ganin in ka tsaya a gabansa ka ce aikinka ne ya kashe ɗan'uwansa, zai tsaya jin zancen mabuɗi? Uwarka kai kaɗai gare ta namiji."

"To a kori mutum da iyalinsa a kan abin da bai yi ba? Gobe bayan addu'a zan nuna wa kowa. Ba zan taɓa akwatunan ba, yadda suke haka za su kwana, su ne shaidata."

Tsohon ya miƙo hannu. Lukmanu ya ɗauka hannunsa zai kama, ashe makullan yake nufi. Ya zaro su ya ba shi, kamar yadda ake mayar masa da su kullum in an gama aiki.

Daga nan ya wuce gidan Alhaji Yusuf ya ce yana da abin da zai nuna gobe a ɗakin get, a gaban dangin mamaci. Ya ce an musanya akwatuna, amma bai ce wa ya musanya ba, Alhaji ma bai tambaya ba, don bai gane zancen ba balle ya san me zai tambaya. Ya dai ce to, a nuna ɗin.

Da la'asar ya tsallaka kanal ya shiga ruga. Ya tarar an fara sauke rufin bukka ɗaya, mata suna ɗaure ƙore a cikin raga. Ibrahimu na zaune a kan turmi, idanunsa sun faɗa, ga alama tun Talata abinci bai wuce maƙogwaronsa ba. Da ya ga Lukmanu sai ya miƙe ya ba shi turmin.

"Injiniya, kai ne da kanka? Ka zo ganin wanda ya kashe Usaini."

"Baba Ibrahimu, kada ka ƙara faɗin haka. Me ka gani a allo ranar nan?"

"Da na ce Yamma na gani kore." Ya shafa fuskarsa. "Amma tun jiya nake juya abin. Mutum biyu sun rantse. Na'ura kuma ka ce ba ta ƙarya. Idon nan nawa na hagu ya fara hazo tun bara, ban faɗa wa kowa ba don kada a karɓe aikin. Ƙila ni ne na karkace. Da rana ina ganin allon a raina Yamma kore, in na rufe ido kuma sai in ga ja."

"Daidai ka gani. Wallahi daidai ka gani. Akwatunan ne aka sa kowanne a ɗakin ɗan'uwansa. Gobe zan nuna a gaban kowa, ka ce su daina kwance bukkokin nan."

Ibrahimu ya dube shi kamar bai ji ba. Sai ga hawaye yana bin gemunsa. Ya juya ya yi wa matan magana da Fulatanci, wadda ke kan rufin ta tsaya da igiya a hannu. Ya ce kabarin mahaifinsa da na 'ya'yansa biyu suna bayan garken nan, shi abin da ya fi cin ransa ke nan, wa zai riƙa cire musu ciyawa. Sai da suka cika wa Lukmanu gora da kindirmo kafin suka bar shi ya tafi.

Ranar Alhamis bayan sallar asuba Lukmanu ya nemi mahaifinsa a sahu bai gan shi ba. Da ya koma gida mahaifiyarsa Binta ta ce ai ya fita da keke tun kafin a tayar da salla, wai zai leƙa sito. Lukmanu bai kawo komai a ransa ba. Ku ce wauta ce in kuna so, amma wane ɗa ne ke zargin ubansa da sassafe.

Aka yi addu'ar uku a ƙofar gidan su Usaini, aka raba gumba, aka shafa. Sannan manya suka ɗunguma zuwa gindin tsamiya. Ɗakin get ba ya ɗaukar mutum fiye da shida, don haka Alhaji Yusuf da mai unguwa da Hasan da Ibrahimu suka shiga, saura suka yi cincirindo a ƙofa da taga. Malam Datti ya buɗe ɗakin ya koma gefe ya jingina da ƙarfen get. Hasan na tsaye dab da Lukmanu, fuskarsa sak ta mamacin, har Lukmanu ya kasa dubansa. Ya jona kwamfutarsa da akwatin get, ya buɗe allon nan mai sunaye biyu. An riga an tura wakilin yamma ɗakinsa da makulli, yana jira da waya a kunne.

Lukmanu ya ɗaga murya don na waje su ji. "Yanzu zan ce wa wakilin yamma ya danna ja. Ku zuba ido. Ba Yamma ce za ta yi ja ba, Gabas ce. Abin da Baba Ibrahimu ya gani ke nan ranar Talata."

Alhaji ya yi magana a waya. Kowa ya zuba wa allon ido, ruwa na dukan ƙarfe.

Yamma ta yi ja.

Lukmanu ya ce a sake. Aka danna kore, Yamma ta yi kore. Aka danna ja, Yamma ta yi ja. Gabas ko motsi ba ta yi ba. Daga taga wani ya yi tsaki, wani ya ce to ai ga shi nan, lafiyarsa ƙalau. Lukmanu ya buɗe tarihin akwatin get, inda yake rubuta lokacin da kowane bututu ya tashi ko ya faɗi. Bututun yamma da na gabas duk sun faɗi da asubar nan, ɗaya bayan ɗaya, sun dawo kafin rana ta fito. Tsakaninsu daidai tafiyar keke daga wannan ɗaki zuwa wancan da dawowa.

Ya ɗago kai ya dubi ƙofa. Mahaifinsa na kallon ruwa.

"An taɓa su," in ji Lukmanu. "Yau da asuba an mayar da kowanne ɗakinsa. Ga shi nan a rubuce. Jiya ma na ɗauki hoto."

Ya miƙa wayar. Hasan ya dubi hoton, wasu lambobi da haruffa a kan baƙin allo, ya ture hannun. "Ni ban san wannan ba. Ka ce mu zuba ido, mun zuba, mun gani."

Alhaji Yusuf mutum ne mai son a bi abu daki-daki. Ya ce, "Tsaya, Hasan. Injiniya ya ce an shiga ɗakunan yau. Ɗakunan a kulle suke kwana, makulli kuma wuri ɗaya yake." Ya leƙa ta ƙofa. "Malam Datti, ka ba wani makullan nan jiya ko yau?"

"Tun jiya da azahar suna aljihuna," in ji Malam Datti. "Ban ba kowa ba sai wakili, yanzu a gabanku."

Ko kalma ɗaya ta ƙarya babu a ciki, shi ya sa ya faɗe ta ba tare da muryarsa ta girgiza ba. Ba kuwa wanda ya kawo a ransa ya yi masa tambaya ta gaba. Datti ne fa, wanda ake ba ajiya ba a ƙirgawa.

Alhaji ya juyo. "To Injiniya, wa ya shiga?"

Amsar tana bakin Lukmanu, gajeriya ce, yaro ma zai iya faɗinta. Sai dai faɗinta na nufin ya nuna mahaifinsa da yatsa a gaban garin nan kaf, ya ce ga wanda ya musanya, ga kuma wanda ya tashi da asuba ya binne shaidar, alhali Hasan na tsaye da jijiyoyin wuya a miƙe. Ya dubi tsohon, ya ga ƙafar wandonsa jiƙe da raɓa har gwiwa, ya ga yadda ya tsufa a kwana ɗaya. Haushinsa ya kama shi kamar ya fashe, tausayinsa kuma ya fi haushin. Ya san don shi aka yi, wannan ne ya fi komai ɗaci. Ya buɗe baki ya ce laifinsa ne, shi ne bai rubuta suna a jikin akwatunan ba, shi ne bai zo ya gwada ba, a kama shi a bar Ibrahimu.

"Ba wannan na tambaye ka ba," in ji Alhaji. "Wa ya shiga?"

Lukmanu ya mai da idonsa kan allon. Aka jira shi, aka ƙara jira.

Mai unguwa ya dafa kafaɗarsa. "Allah ya yi maka albarka, yaro. Mun gane, tausayin dattijon nan ne ya kama ka, kana so ka ɗauke masa kaya. Halin gidanku ne. Amma rai aka rasa, ba a rufe irin wannan da kara." Ya juya wajen Ibrahimu ya ce an ba shi zuwa Juma'a ta sama ya kwashe, ba wanda zai taɓa shi ko dabbarsa, shi ya ɗauki wannan alkawari.

Mutane suka fara watsewa, kowa na sauri ya je ya ga dashensa, don an ce yau za a saki ruwa. Malam Datti ya ja kekensa ya bi gaɓar kanal shi kaɗai, bai hau ba. Ibrahimu ya ciro hannun get, wato ƙarfen da ake murɗawa a ɗaga ƙofar, daga inda yake rataye shi, ya goge shi da gefen rigarsa ya miƙa wa Alhaji. Sannan ya tako ya tsaya gaban Lukmanu, wanda ke zaune har yanzu a gaban allon.

"Injiniya, na gode. Na ga abin da ka so ka yi mini, Allah ya biya ka. Jiya har na yarda, na yi barci." Ya nuna allon da haɓa. "Amma ga shi na gani da idona, na'urarka daidai take. Ni ne na karkace. Na kashe bawan Allah, na kuma sa ka tsaya gaban manya kana ɓata aikinka saboda ni."

Ya rage tsawo, dattijo mai furfura, ya kama hannun Lukmanu da hannu biyu.

"Ka yafe ni."

Alhaji Yusuf na bakin ƙofa yana jira a fito ya kulle. Lukmanu ya ji bakinsa ya motsa da kansa, ya ba da amsar da ake bayarwa.

"Allah ya yafe mana baki ɗaya."

"Amin," in ji Ibrahimu. Ya sa takalmansa ya tafi gaya wa matan su ci gaba da kwance bukkokin.